Daga Dilimi zuwa Abuja: na je na taɓa motar sulken da aka ƙera a gida

Daren jiya na dawo Jos, har yanzu gajiyar mota ba ta sake ni ba, amma na ce bari in rubuta tun abin yana da ɗumi a raina. Kwana uku na yi a Abuja. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata da ya yi ritaya daga soja yana samanja, ya yi ta bugo waya a kan in zo in ga wani baje kolin kayan tsaro, inda za a nuna abin da ake ƙerawa a nan gida. Ya ce, "Kai da kake kwana kana tashi cikin ƙarfe, in ba ka zo ka gani ba, wa zai zo?" Shekara 22 ke nan ina walda da sassaƙar ƙarfe a Dilimi. Na bar wa yara shago, na sayi rabin buhun dankalin Turawa da kabeji a Farar Gada na tsaraba, na kama hanya.

Kuɗin mota naira 14,000, dankali kuma sai da direba ya karɓi nasa daban. Da rigar sanyi na fito, muna gangara Hawan Kibo na tuɓe ta, kafin Akwanga zufa ta jiƙa mini baya. Shingayen bincike ban ƙirga ba. Abin da na riƙa kallo a kowane shinge shi ne bindigar da ke rataye a kafaɗar soja ko ɗan sanda, ina tambayar kaina ko daga wace ƙasa ta fito. Cunkoson Mararaba zuwa Nyanya kuwa ya ci mana abin da ya fi tafiyar Keffi zuwa Masaka. Mu a Jos in mota ta tsaya minti goma a Terminus sai ka ji ana ta ƙorafi. A can mutane sun saba, har da masu barci.

Kawu a Karu yake, ɗaki biyu da falo, kuɗin hayar da ya faɗa mini zai kama gida sukutum a Unguwar Rogo. Matarsa ta yi tuwon shinkafa miyar taushe, ta ajiye mini ruwan wanka, shi kuma ya bar mini ɗakinsa mai fanka ya koma falo, na yi na yi ya ƙi. Bayan isha'i ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage mini kwanson harsashi ɗaya a tafin hannu. Ya ce in juya gindinsa in duba tambarin. Na Kaduna ne. Daga nan hira ta ɓarke har kusan ƙarfe ɗaya.

A bakinsa na ji tarihin da kyau. An kafa DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, a Kaduna a 1964, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner, don a riƙa yin bindigogi da harsasai. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, masana'antar ta yi aiki ba dare ba rana. Da aka gama yaƙi, kuɗin mai ya shigo, sai sayo na waje ya fi sauƙi, har ta kai wurin da aka gina don makamai ya koma yin kujeru da tebura don ya riƙe ma'aikatansa. Kawu ya ce Brazil ba ta kafa kamfanin jiragenta na Embraer ba sai 1969, shekara biyar bayan namu. "To jiragen Super Tucano 12 da suka fara isowa a 2021, waɗanda aka biya kusan dala miliyan 500, ƙirar wa ce? Ƙirar ƙanin namu ce." Ya yi shiru, sannan ya kawo maganar 2014, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila, Afirka ta Kudu kuma ta riƙe tsabar dala miliyan 9.3 da aka kai a jirgi don sayen makamai. Yaransa da ya horar suna fagen daga a lokacin. Biyu ba su dawo ba. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari a ƙofar zauren ne raina ya ɓaci. Wani mai gadi cikin baƙaƙen kaya ya dube ni daga hula har silifa, ya tsaya a kan hannuwana da baƙin mai ya riga ya zauna a farcensu, ya ce da Turanci nan ba wurin leburori ba ne, in matsa gefe. Takardar shiga tana hannuna, ko karɓa bai yi ba. Masu kwat suna wucewa yana rusuna musu. A Dilimi ko almajiri ya tsaya a bakin shagonka sai ka amsa sallamarsa kafin ka ce masa komai. Kawu bai ɗaga murya ba, ya ciro katinsa na tsohon soja ke nan sai ga wani matashin hafsa ya taho da sauri, ya ƙame, ya ce, "Baba, ku ne a tsaye a rana? Ku shigo, don Allah." Ashe Kawu ya koyar da shi harbi. Shi ya raka mu har ciki, ya kuma kawo mana ruwan sanyi da hannunsa. Allah ya yi masa albarka.

Ciki kuwa ido ya sha kallo. Ga hulunan kwano, ga rigunan sulke, ga takalma, ga bindigogi a jere cikin gilashi, har da OBJ-006, wadda DICON ta yi a kan tsarin AK-47. An manna hotunan jiragen ruwan da aka haɗa a Legas, Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, da na Tsaigumi, jirgi maras matuƙi da sojan sama suka ƙaddamar a Kaduna a 2018. Na ji daɗin sunayen Hausa da ke cikinsu, Karaduwa da Tsaigumi, ban ɓoye ba. An kuma nuna hoton Ezugwu, motar sulken da Buhari ya ƙaddamar a 2019, da Ara ta kamfanin Proforce da ke jihar Ogun. Amma ni duk wannan wucewa na yi. Inda na kafe shi ne waje, gindin wata motar sulke da aka bari a buɗe.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Cikinta ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na sauran motoci, an karya shi ya yi tsini ƙasa kamar gindin kwalekwale, don in ta taka nakiya ƙarfin fashewar ya watse gefe da gefe maimakon ya daki inda mutane ke zaune. Na bi layin waldar da yatsa tun daga gaba har baya. Wallahi aiki ne. Babu rami, babu tsalle, ɗinkin ya kwanta sumul kamar saƙar hular Zanna. Mai walda ya san hannun ɗan'uwansa, kuma wanda ya yi wannan ya ci a sara masa. Na ja ƙofar, nauyinta ya kusa na ƙofar banki, amma ta juya ba ƙara.

Wani injiniya matashi, ɗan Zariya, ya ga na daɗe a durƙushe sai ya zo ya ce, "Baba, da alama sana'arku ce." Na ce ita ce. Na tambaye shi kai tsaye: wannan farantin ƙarfen daga ina? Ya ce daga waje. Injin fa? Daga waje. Gilashin da harsashi ba ya fasawa, da tayoyin da ke ci gaba da tafiya ko an harbe su? Ya yi murmushi ya ce, "Baba, zane namu ne, yanka namu, walda tamu, haɗawa tamu. Sauran sai da dala." Ya ce ko kwanson harsashi tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya, kuma sai an murza ta daidai kauri kafin inji ya karɓa, in babu mai murza ta a gida, kana da masana'antar harsashi amma wuyanka na hannun mai jirgin ruwa.

Nan Jos ta faɗo mini a rai, har na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Garin da aka haƙi kuzarsa aka yi ta lodawa zuwa Ingila tun zamanin kakanninmu, garin da aka narka kuza a Makeri. A da muna da kamfanin murza ƙarfe da aka gina tare da na Katsina da na Osogbo, don su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Aladja. Ina yaro na ga tirelolin rodi suna fitowa daga ciki. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuwa tun 1979 aka ƙulla da Tarayyar Sobiyet, ga tama a Itakpe kusa da ita, har yau ba a kunna babbar tukunyar narkewar ba. Mu a Dilimi da me muke aiki? Da tsohon sifirin na mota, da gatarin tirela da ya karye, da abin da 'yan gwangwan suka tsinto. A ganina duk wanda ke maganar ƙera makamai a gida bai fara da maganar ƙarfe da wutar lantarki ba, daga rufi ya fara gini. Turkiyya da ake ta yabon jiragenta marasa matuƙi na Bayraktar, takunkumin da Amurka ta sa mata a 1975 ne ya tashe ta, a shekarar ta kafa Aselsan, kamfanin kayan lantarki na soja, ta kuma yi shekaru tana raino ƙananan masana'antu masu yi wa manya noti da kusoshi.

Na nuna wa injiniyan sandar da ke riƙe da maratayin ƙofar, na ce wannan kam ina iya fidda ta a injina kafin azahar. Bai musa ba. Ya ce, "Na yarda, Baba. Amma za ku iya fidda dubu, kowace ta zama daidai da 'yar'uwarta, bambancin bai kai kaurin gashi ba? Kuma ku ba ni takardar da ta nuna irin ƙarfen da aka yi ta da shi?" Na yi shiru. Gaskiya ya faɗa, kuma cikin ladabi ya faɗe ta. Mu da ido da hannu muke awo, a kawo tsohuwa mu fidda sabuwa, in ta yi tauri a goga. Wannan yana tayar da injin niƙa da famfon ban-ruwa, amma ran soja ba ya ɗaukar "a goga". Sai dai ni ma na ce masa nawa: ba wanda zai ci bashi ya sayi injin zamani don aikin da ba a tabbatar masa ba. A ba mu zane, a ba mu ƙarfe mai takarda, a ce za a sayi kaza duk wata har shekara uku, a kuma biya a kan lokaci, a ga in yaran Dilimi da na Panteka a Kaduna ba su koya ba. Ya ce sabuwar dokar DICON da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2023 ta buɗe ƙofar haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Na ce to Allah ya sa ƙofar ta kai har lungunmu. Ya karɓi lambata, ya rubuta mini wasu lambobin awo a bayan takarda.

Da yamma Kawu ya kai ni cin gasasshen kifi a kasuwar barikin Mogadishu. Kifi ɗaya naira 12,000! Na ce a bar shi, kuɗin nan cefanen kwana uku ne a gidana, ya ce baƙonsa ba ya tashi da yunwa. Kifin ya yi daɗi, yajin ya ji, amma dankalin da suka soya a gefe namu ne na Bokkos, an yanka 'yan siri-siri an ninka masa kuɗi sau biyar. Mutanen Abuja ba su cika gaisuwa ba, kowa kansa a waya, ko a masallaci ana sallamewa an watse.

Rana ta uku na shiga kasuwar Dei-Dei neman ma'aunin kaurin ƙarfe, irin mai nuna lamba a ɗan gilashi. Mai shagon ya ce 45,000. Na ce albarka, na juya. Ya kira ni, ya tambayi garinmu, da ya ji Jos sai ya koma Hausa tsantsa, ashe a Bukuru aka haife shi, rikici ne ya fitar da iyayensa. Muka yi ta lissafa unguwanni. A 28,000 ya bar mini, ya ƙara da batir biyu kyauta, ya ce in gaida masa sanyin gida.

Dawowa ba wani labari. Mota ta yi faci kusa da Gwantu, muka hau Hawan Kibo da magariba, na mayar da rigar sanyi.

Yau da safe kafin yara su iso na buɗe shago, na ɗauko sanduna goma da na fidda wa wani mai injin niƙa makon jiya, waɗanda da ido ba ka raba su. Na sa su a ma'aunin ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta lambar a jikin bango da alli. Uku ne suka zo daidai. Babban yarona ya shigo ya tarar da ni a tsaye ina kallon bangon, na miƙa masa ma'aunin na ce ya sake aunawa, in an kawo wuta mu fara da sauran bakwai ɗin.