Kafin Alhaji ya biya dala: yadda na zaɓi manhajar sa ido a kan kwamfutocin kamfani

Sana'ata haɗa netwok da kula da kwamfutoci a nan Kumasi. A Aboabo na tashi, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki 'yan kasuwar Zango ne da harkarsu ta fi ƙarfin littafi da biro: masu sarin shinkafa da man girki, masu kayan mota a Suame Magazine, masu kantin magani. Bara wani Alhaji daga cikinsu, mai shaguna a Adum da Alabar da kuma sito a Asawase, ya ce in nemo masa manhajar da za ta riƙa tattara rajistar duk abin da ke faruwa a kwamfutocinsa, ta kuma yi ƙara idan ta ga abin da bai dace ba. Abin da ya kai shi ga haka, wani ne ya rage farashin kaya a cikin manhajar ciniki, aka sayar, aka mayar da farashin yadda yake, kuma aka rasa wanda zai ce ga wanda ya yi ko daga wace kwamfuta.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, kowace na'ura tana rubuta abin da ya faru da ita, shi ne muke ce wa log. Windows ma har lamba take ba kowane abu. Idan an yi kuskuren kalmar sirri ta rubuta 4625, idan an shiga lafiya 4624, idan an buɗe sabon akawun 4720. Idan kuwa wani ya goge rajistar tsaron gaba ɗaya sai ta rubuta 1102, lambar da ba na son gani da tsakar dare. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet, tana rubuta nata, katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita netwok nata, imel ɗin kamfani nasa. Matsalar ita ce kowanne yana zaune a inda aka rubuta shi, kuma barin log a kan kwamfutar da ɓarawo ya riga ya shiga daidai yake da barin littafin bashi a hannun wanda ake bi. Aikin manhajar da ake kira SIEM shi ne ta kwashe su nan take zuwa wuri ɗaya, ta jera su bisa lokaci, ta haɗa wannan da wancan.

Ban fara da kallon farashi ba. Zagayawa na yi shago-shago in ga me na'urorin suke rubutawa tukuna, abin da na tarar kuma bai yi mini daɗi ba. Rautocin MikroTik ne, kamar na kusan kowa a garin nan. Idan ba a saita su ba, a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye log, da an ɗauke wuta komai ya tafi. Da yawa daga cikinsu kuma ba su da batirin agogo, sai sun sami intanet suke gyara lokaci, shi ya sa za ka ga layin da ke cewa abu ya faru a Janairun 1970. Wata kwamfutar da aka sayo ta hannu tana kan agogon wata ƙasa. Mu a Ghana Allah ya yi mana sauƙi, agogonmu shi ne GMT, ba ma matsar da shi gaba ko baya duk shekara, saboda haka lokacin da manhaja ta nuna shi ne na bangon shago. Wanda yake da reshe a Yamai ko Kano shi ne zai riƙa tuna cewa can suna gabanmu da awa ɗaya. Idan agogo bai daidaita ba, ko manhajar da ta fi kowace tsada ba za ta iya gaya maka me ya riga me ba.

Amma abin da ya fi cin lokacina ba na'ura ba ne. Duk masu karɓar kuɗi a shagunan da akawun ɗaya suke shiga, kalmar sirrin kuma a manne take a ƙarƙashin allon rubutu. Ɗan yayan Alhaji, ƙanin matarsa, yaron da ya riƙa tun yana makarantar allo, duk sunansu ɗaya a idon kwamfuta. Na ce masa, "Baba, ko mun sayi me, abin da zai gaya mana kawai shi ne kashiya ya yi, kuma kashiya mutum tara ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, idan na ba kowa mukullinsa daban, za su ce na daina yarda da su. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya."

Na fahimce shi sarai. Kasuwancin Zango a kan amana da zumunci aka gina shi, kuma mutumin da ya yi shekara ashirin yana rufe maka shago ba ka tashi rana ɗaya ka ce daga yau ana rubuta motsinsa. Abin da na ce masa shi ne, a yanzu ma zaton yana nan, sai dai a kan mutum tara yake yawo, takwas daga cikinsu kuma ba su ji ba su gani ba. Tun da abin ya faru akwai yaron da aka daina aika banki ba tare da an gaya masa dalili ba, kowa kuma ya lura. Akawun na kowa daban shi ne zai wanke mai gaskiya. Bai amsa a ranar ba. Bayan sallar Juma'a ya tara su, ya fara da kansa, ya ce shi ma an buɗe masa nasa kuma ana rubuta abin da yake yi. A ganina wannan zaman ya fi duk abin da na saka daga baya amfani.

Akwai kuma manhajar cinikin kanta. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a nan ba sa fitar da log ɗinsu waje, wasu ma ba sa rubuta wanda ya canza farashi kwata-kwata. Sai da na koma wurin wanda ya rubuta tasu, aka biya shi ya ƙara wannan. Duk mai shirin sayen manhajar ciniki ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Sai maganar kuɗi. Manyan masu sayar da SIEM yawanci ba sa sayar maka da abu sau ɗaya ka tafi, haya ce, kuma da dala. Splunk, wadda Cisco ya saya a 2024 a kan kusan dala biliyan 28, an san ta da cajin mutum gwargwadon yawan gigabait da yake zuba mata a rana. Tana da ta kyauta mai iyakar MB 500 a rana, sai dai ba ta aika gargaɗi, wato an cire ainihin abin da Alhaji yake nema. QRadar ta IBM da yawan abubuwan da ke shigowa a daƙiƙa take lissafi. Microsoft Sentinel ma gigabait take ƙirgawa, kodayake rajistar ayyukan Microsoft 365 ba a biya a shigar da ita, kuma ajiyar kwana 90 na farko kyauta ce. Ga kamfanin da imel ɗinsa da takardunsa duk suna can, ba laifi ya fara dubawa. ManageEngine kuwa da yawan na'urori take yin farashi, wanda ya fi sauƙin hasashe ga ɗan kasuwa.

Abin da mai talla ba zai tsaya ya nuna maka ba shi ne log ba ya raguwa. Katangar tsaro ɗaya da aka buɗe mata baki ta rubuta komai za ta iya fin duk kwamfutocin ofis surutu. Ka ɗauka gigabait 5 ne a rana, a shekara 1,825 ke nan, kusan terabait biyu. Sannan ka tuna 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 14 a watan Nuwamba. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar dala a Janairu, kafin shekara ta ƙare kuɗin hayarsa ya ninka a sidi ba tare da ya ƙara ko kwamfuta ɗaya ba. Alhaji da sidi yake ciniki, kuma bai manta shekarar ba.

Na kuma yi tunanin inda za a ajiye bayanan. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci ɗaya, aka yi kwanaki ana fama da intanet a ƙasar nan. Manhajar da ke zaune a saba, wato babbar kwamfutar wani kamfani, a Turai ko Afirka ta Kudu, a irin wannan rana ba ka ganinta ita ma ba ta ganinka. Wadda ke cikin ofishinka kuma dumsor, wato yawan ɗauke wuta, shi ne abokin gabarta, sai da batirin UPS mai kyau da janareta da ɗaki mai sanyi. Ko wanne ka ɗauka, tambayar da za ka yi ita ce: idan layi ya yanke, ƙaramar manhajar da aka dasa a kwamfutar shago tana riƙe log ɗin har layi ya dawo, ko zubar da shi take yi? Kada ka karɓi amsar baki. A lokacin gwaji ka zare wayar da hannunka, ka jira, ka mayar, ka duba abin da ya iso.

Doka ba ta matsa wa mai sarin shinkafa kamar yadda ta matsa wa banki ba, amma ba ta ƙyale shi ba. Dokar Kare Bayanai ta 2012, Act 843, ta ce wanda ke riƙe da bayanan mutane ya yi rajista da hukumar kare bayanai, kuma idan wani ya kai ga bayanan ba da izini ba, a sanar da hukumar da masu bayanan. Wanda ba shi da log, me zai sanar? Bai ma san na mutum nawa aka taɓa ba. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, Act 1038, ita ta kafa hukumar tsaron intanet ta CSA, wadda ake kira a 292 a kai rahoto, kuma tun 2023 take ba kamfanonin tsaron intanet lasisi. Idan wani ya zo ya ce zai riƙa sa maka ido daga ofishinsa, ka nemi ganin lasisinsa. Masu harkar kuɗi suna ƙarƙashin umarnin Bankin Ghana game da tsaron intanet, masu sarrafa bayanan katin banki kuma ƙa'idar PCI DSS ta ce a ajiye log na wata 12, na wata uku na ƙarshe su kasance a kusa. Wannan ma'aunin na ara wa Alhaji duk da bai zama dole a kansa ba.

A ƙarshe tsakanin Graylog da Wazuh na tsaya, dukansu akwai na kyauta. Graylog ta fi daɗin bincike, amma yawancin kayan tsaronta suna cikin wadda ake biya. Wazuh, wadda ta samo asali daga wata tsohuwar manhajar tsaro mai suna OSSEC a 2015, da dokokin gano kutse take zuwa, tana lura idan an taɓa muhimmin fayil, tana kuma nuna kwamfutar da aka daɗe ba a sabunta ba. Ga na'urori 25 ko ƙasa da haka, masu ita sun ce saba mai RAM gigabait 8 da wurin ajiya gigabait 50 ta isa riƙe gargaɗin kwana 90. Ita na ɗauka, na ƙara faifan ajiya don shekara ta samu shiga. Ba na cewa ta fi Splunk. Kamfanin da ke da ma'aikatan tsaro na dare da rana, lissafinsa daban ne. Kuma kyautar a lasisi kawai take, domin saitawa da sabuntawa da gyara idan ta tsaya duk lokacin mutum ne, kuma na rubuta wa Alhaji kuɗin wannan lokacin a fili tun farko.

Makon farko gargaɗi ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, yawancinsa shirme. Nan ne mutane suke gajiya su daina dubawa. Ko kamfanin Target na Amurka, da aka sace bayanan katin mutane kusan miliyan 40 a 2013, na'urar sa idonsa ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba ne. Saboda haka na rage abin da ke zuwa waya kai tsaye ya koma kaɗan: goge rajista, buɗe sabon akawun ko ƙara wa wani iko, shiga bayan an rufe shago, kuskuren kalmar sirri a jere, canza farashi, da kwamfutar da ta yi shiru ta daina aiko da komai. Sauran yana jiran safiya. 'Yar Alhaji da ta karanta akanta a jami'ar KNUST ita ke buɗe shafin kowace safiya kafin a fara ciniki, abin da ba ta gane ba ta turo mini. Da babu ita, da na ce masa ya bar kuɗinsa a aljihu ko ya ɗauki kamfani mai lasisi ya duba masa.

Akwai abu ɗaya da na nace a kai, shi kuma ya ga kamar na cika tsanani. Ni ne mai mukullin sabar, ni zan iya goge komai ba wanda ya sani. Don haka duk abin da na yi a kanta ana rubutawa, kuma kowane dare kwafin log ɗin yana tafiya wani wurin ajiya da nake iya zubawa amma ba na iya gogewa. Kalmar sirrin wurin tana hannunsa da na 'yarsa kawai. Ya ce, "Kai ma, ɗana?" Na ce, "Ni ma, Baba. Gobe wani ne zai zauna a kujerar nan, kuma ba lalle ka san iyayensa ba."