Ranar suna a Mabera

Yau da hantsi, a gidan sunan maƙwabciyata a unguwar Mabera da ke Sakkwato, wanzami ya gama aski ya sake buɗe zabira domin cire wa jaririyar angurya, wato yanke ɗan nama a gabanta, wanda nau'i ne na kaciyar mata, sai wata tsohuwar ungozoma ta riƙe hannunsa ta ce, "Sarkin Aska, mayar da askarka, yarinyar nan lafiyarta ƙalau." Kakar jaririyar ta ɓata rai, amma ungozomar ta zauna kusa da ita tana ba ta labarin matan da yankan gishiri, wato tsagar da ake yi wa mace a gabanta da aska, ya jawo wa yoyon fitsari, har Hajiya ta haƙura.

Tun 2015 dokar tarayya ta haramta kaciyar mata, amma ni tunanina yana kan gidajen Sakkwato da za a yi suna gobe babu irin wannan baiwar Allah a tsakar gida.