Kaskena da dariyar ƴan fada

Shekara ukku ke nan ina tahiya aiki bisa keke nan Yamai, daga Harobanda in hau gadar Kennedy in wuce wajen Babbar Kasuwa, kuma duk lokacin nan ba abin da nike sawa a kai sai hular hana-sallah saboda rana. Masu moto dai suna da kaske, wato hular kwano, ko don tsoron polis, wasu ma ga hannu suke rataye shi sai sun hango kaki su yi maza su ɗora. Mu masu keke ba mai kula mu, mu ma ba mu kula kanmu.

Sai ranar nan cikin hunturu wata faba-faba, motar haya, ta matso ni gefe, tayar gaba ta nutse cikin rairan bakin gudron, wallahi ko gudu ba ni yi, amma sai ga ni ƙasa kaina ya sha bugu. Ɗinki huɗu. Inna ta ce, kai da ka iya sayen waya ba ka iya sayen hular?

Na je kasuwar Katako na samu kaske na gwanjo jikka ukku. Mai gyaran kekena ya karɓa ya juya shi, ya ce in bar kallon robar waje, aikin duk na farin soson ciki ne, irin wanda ake naɗe frigo da shi cikin kwali, shi ke murƙushewa ya shanye bugun. In ya tsage sau ɗaya ya gama aiki, kuma in ba ka ɗaure igiyar ƙarƙashin haɓa ba kamar ba ka sa ba. Nawa dai lahiya lau.

Zahi kuma da kowa ke fakewa da shi, to kasken keke ba irin na moto ba ne, ramuka gare shi iska na shiga, ko watan Afrilu ana jurewa. Abin da ya hi wuya dariya ce. Na ratsa ta gaban fadarmu suna shan shayi sai ihu, ga ɗan tseren Faransa ya iso! Na ce masu ai can Faransar tun 2017 doka ce yaro ƙasa da shekara 12 sai da kaske, ko goyo aka yi shi a baya, mu nan yara biyu ake jerawa bisa kariyar keke a kai su lakwal. Suka ce ai nan Yamai ce.

Jiya ƙanena ya zo aron kaske, wai amma da dare zai sa.