Minti goman da na hana ta

Sau uku wata ma'aikaciyata ta nemi ganina. Yanzu ne nake ƙirgawa, a lokacin ko a jikina. Na farko ta leƙo ofis ta ce, "Yallaɓai, in ka samu sarari akwai maganar da nake so mu yi." Na ce, "Malama, bari in fito daga taron nan." Na biyu saƙo ta turo, na karanta, na bari sai yamma. Na uku a bakin ƙofa muka haɗu, jaka a hannuna, na ce mu bari sai Litinin. Ranar Litinin takardar ajiye aiki na tarar a kan teburina.

Wata bakwai ke nan da ba ni ragamar sashe mai mutum tara, kuma ita ce ƙashin bayansa. In lissafi ya rikice ita ake nema.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na koma na duba inda makonni ukun da ta yi tana nemana suka tafi. Taro huɗu muka yi a kan fasalin rahoton wata-wata. Wane launi, wane shafi zai zo farko. Huɗu fa! Abin da in bai yi kyau ba, wata mai zuwa sai a sauya. Na saki reshe na kama ganye, ina ta jin kaina shugaba mai ƙwazo don ba na samun lokacin shaƙar iska.

Kuma ba rashin sani ba ne. Na san maganar da shugaban Amurka Eisenhower ya kawo a wani jawabinsa na 1954, cewa matsaloli iri biyu ne: na gaggawa ba su da muhimmanci, muhimman kuma ba sa zuwa da gaggawa. Akwatunan nan huɗu da ake jingina masa, na rarraba ayyuka bisa gaggawa da muhimmanci, har a allon ofis na zana su. Sai dai allo bai gaya min cewa muhimmin abu yakan zo da sallama da ladabi, ya ce "in ka samu sarari" ba. Mai ɗaga murya nake saurara.

Daga baya ne bambancin da Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya yi a wasiƙarsa ta 2015 ga masu hannun jarin kamfanin ya zauna min. Ya kwatanta shawara da ƙofa: wata in ka shiga kana iya dawowa, wata kuwa a bayanka take rufewa. Tun daga nan tambaya ɗaya nake yi kafin in sa abu a jadawalina: in an yi kuskure, yana gyaruwa? In yana gyaruwa, na miƙa wa wani, ya yanke a ranar, ba na ma son a dawo min da shi. In ba ya gyaruwa, shi ne na farko da safe, kafin in buɗe imel. Duk kuma wanda ya nemi ganina, nan take nake tsayar masa da rana da sa'a. Na daina cewa "anjima".

Na kira ta bayan ta tafi. Ashe ba maganar albashi ba ce. Aiki ne ya yi mata yawa, tana so a rage mata kashi ɗaya. Da minti goma ya ishe mu. Mutum biyu na ɗauka a gurbinta, har yau ba su gama gane kan takardunta ba.

Rahoton kuwa, tsohon fasalinsa muka koma wa.