Kafin rangwame ya ja ka zuwa ga talabijin ɗin filasma

Ƙannena, wani yaro daga cikinku ya tambaye ni kwanan baya ko ya sayi wata talabijin ɗin filasma mai inci 42 da aka yi masa tayinta da rangwame mai tsoka. Na yi dariya, don irin wannan tayin ne ya taɓa cin kuɗina, kuma ba wanda ya tilasta ni.

Yadda abin ya faru, na shiga sayen talabijin ne na tarar da biyu a jere, girmansu ɗaya, ɗaya ta fi ɗaya araha nesa ba kusa ba. Na tambayi mai sayarwa bambancinsu, ya ce mini mai arahar ma "tana karɓar HD", wato hoto mai yawan ɗigo da ke fita tar. Bai yi ƙarya ba. Ni ne ban san cewa karɓa daban, nunawa daban ba. Allon talabijin ƙananan ɗigo ne aka jera, kuma yawansu ba ya ƙaruwa ko da me ka jona mata. Tawa tana da ɗigo 852 a kwance, 480 a tsaye, irin da ake kira EDTV. Idan aka turo mata hoto mai ɗigo 1920 da 1080, sai ta matse shi ya dawo daidai nata. Yi lissafin da kanka: nata bai kai ɗigo 410,000 ba, cikakken HD kuwa ya haura miliyan 2. Wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na hoton nake gani, ina ta murna na ci riba.

A wurin sayarwa ban lura ba, saboda daga nesa na tsaya, kuma faifan DVD suka saka, wanda shi ma ɗigonsa bai wuce 720 a kwance ba. Sai da na kai ta ɗaki na zauna kamar mita biyu daga allon. Ran nan ana ƙwallo, na ga lambar da ke bayan rigar ɗan wasa ta zama kamar an rubuta da bulo, rubutun da ke gudu a ƙasan allon labarai kuma gefensa yana da haƙora. Idan fari ya cika allon, sai in riƙa ganin layukan da ke tsakanin ɗigo kamar ina leƙe ta ragar taga. Da na jona kwamfuta ma abin ya fi muni, don ƙananan haruffa ba su karantuwa sam.

Duk da haka ba zan zagi filasma ba. Kowane ɗigo a cikinta ɗan ƙaramin gida ne mai iskar niyon da zenon, wutar lantarki na ratsa shi sai ya haska da kansa, ba kamar talabijin ɗin LCD ba da ke da fitila a bayan allonta. Shi ya sa baƙinta baƙi ne na gaske, wanda ya zauna can gefe yana ganin launi daidai da na tsakiya, kuma gudun ƙwallo ba ya jan wutsiya. Fim da dare, an kashe fitila, har yau ina tuna daɗinsa. Kuskurena bai zama na sayen filasma ba, na sayi wadda ba ta dace da ɗakina ba ne.

Ga abin da ban yi ba, wanda nake so ka yi: auna tazarar da ke tsakanin kujerarka da inda za ka ajiye ta. A allo mai inci 42, mai lafiyar ido yana daina rarrabe ɗigon EDTV ne idan ya kusa mita huɗu. Mai ɗigo 1024 da 768, wadda yawancin masu inci 42 da aka rubuta wa HD suke da shi, tana son kamar mita uku. Cikakkiyar 1080 kuwa ko a ƙasa da mita biyu lafiya lau. Don haka mai falo mai faɗi, wanda tashoshin da ba na HD ba da tsofaffin faifai kaɗai yake kallo, zai iya morar mai ƙarancin ɗigo bai san ya rasa komai ba. Mai ƙaramin ɗaki, ko mai wasan bidiyo, ko mai jona kwamfuta, kada ma ya fara. Kuma kar ka tsaya ga abin da aka liƙa a gaba. Ɗauki lambar samfurin da ke bayanta ka bincika ainihin yawan ɗigon allon.

Akwai kuma abin da bai shafe ni a lokacin ba amma ya shafe ka yanzu. An daina ƙera filasma. Pioneer ta sanar da janyewarta a 2009, Panasonic da Samsung da LG duk suka tsaya a 2014. Duk wadda za a nuna maka yau ta haura shekara goma, masu ƙarancin ɗigon ma galibi sun fi haka tsufa. Idan wani sashe ya ƙone a ciki, sai dai a ciro daga wata matacciya. Wasu tsofaffin ko ramin HDMI, inda ake jona na'urorin zamani, ba su da shi.

Sannan ga cin wuta. Tsofaffin masu inci 42 da yawa za ka ga an rubuta sama da wat 300 a bayansu, alhali talabijin ɗin LED, irin ta zamani, mai girmansu ba ta kai 100 ba. Ka ɗora hannu a samanta bayan awa biyu za ka ji zafin. Rangwamen da na samu, a hankali kuɗin wuta ya riƙa gutsurarsa. Nauyi kuwa, mutum biyu ne ke ɗagawa, kuma a tsaye ake ɗaukarta, don gilashin na iya tsagewa in an kwantar a mota.

Idan har zuciyarka ta nace, sa a kunna ta a gabanka, ka saka hoto fari fat ko ruwan toka ya cika allon, ka matso kusa. Filasma tana riƙe inuwar abin da ya daɗe a wuri ɗaya. Tawa, bayan shekaru ina barinta a tasha guda, tambarin tashar ya zauna daram a kusurwar sama, ko fim nake kallo yana nan yana leƙena. Kashe sauti kuma ka kasa kunne, wasu suna ƙara zizz idan hoton ya yi haske. Sannan ka tambayi kuɗin sabuwar LED mai 1080 mai irin girmanta kafin ka ciro ko sisi. Yaron da ya tambaye ni ya je ya auna ɗakinsa, mita biyu da rabi ne daga gado zuwa bango, na ce masa ya bar musu kayansu.