Burin Janairu da zafin Afrilu: shawara ga ƙannena masu gudu a Sakkwato

Watan Janairu mayaudari ne ga mai gudu a Sakkwato. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20, iska a bushe take, gumi ba ya zama a jiki, sai mutum ya yi kilomita biyar ya ji kamar ko ɗumi bai yi ba. A cikin wannan daɗin ne yawancinmu muke ɗaukar biro ko waya mu rubuta burin sabuwar shekara: kullum zan fita, zan ninka nisa, zan zubar da teɓa kafin Sallah, baɗi war haka ina Legas. Jikin hunturu ne yake rubuta alƙawarin, amma jikin bazara za a bi bashin. Ni na rubuta irin wannan takarda, kuma ba sau ɗaya ba, shi ya sa nake son in yi magana da ku ƙannena da nake haɗuwa da ku bayan sallar asuba wajen filin wasa na Giginya da kan hanyar jami'a, tun kafin ku sa hannu a taku takardar.

Shekarar da na fi zaƙewa, burina shi ne gudun yada ƙanin wani na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. Kilomita 42 ne da mita 195. A lokacin ko kilomita goma ban taɓa haɗawa a tashi ɗaya ba, amma na ce ai shekara guda gare ni. Sai na shiga ƙara nisa kowane mako yadda raina ya so, tun da numfashina yana ɗauka. Abin da ban sani ba shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni za ka ji bambanci, amma ƙashi da jijiyoyi da agara watanni suke buƙata. Jiki kamar ginin laka yake: in ka ɗora sahu sai ka bar shi ya sha iska kafin ka ɗora wani, in ka yi gaggawa katangar za ta tsage. Tawa a ƙwauri ta tsage. Ciwo ne da ke bin gefen ƙashin ƙwauri ta ciki, da farko sai an fara gudu yake tasowa ya lafa, daga baya har hawa matakalar masallaci sai na ciji leɓe.

Masu horarwa suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa kada ƙarin nisan mako ya wuce kashi goma cikin ɗari na makon da ya gabata. Ba wahayi ba ce, amma ta fi son zuciya. Ku haɗa ta da ranakun hutu. Mai farawa kwana uku a mako sun ishe shi, a ranakun hutun ne jiki ke gyara abin da gudu ya taɓa.

Wautar da ta fi ci mini rai ba ciwon ba ce, abin da na yi da shi ne. Na je kemis na sayi maganin kashe zafi, irin su diclofenac da ibuprofen, ina haɗiya kafin in fita don kada ƙafar ta dame ni. Kada ku yi wannan, don Allah. Na farko, ciwon saƙo ne, ka toshe masa baki ka ci gaba da taka ƙashin da ke neman tsagewa. Na biyu, magungunan nan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki shi ma haka yake yi, in suka haɗu ƙoda ce ke shan wahala. Tiramol kuwa ko sunansa kada ya shigo zancen motsa jiki. Duk abokin da ya ce maka yana ƙara ƙarfi, ba abokin tafiya ba ne. Haka lemukan gwangwanin nan na ƙarin kuzari da samari ke kwankwaɗa da sassafe ciki babu komai: sukari ne da sinadarin kafeyin, su sa zuciya ta yi ta bugawa, ba su san wata jijiya ba.

Sai bazara. Daga Maris zuwa Mayu kowa ya san halin garin nan, zafin rana kan haura digiri 40, dare ma ba ya huce wa mutum, ga wutar lantarki yadda take. Wanda ya kwana yana juyi a tsakar gida yana fifita ya riga ya zubar da ruwan jikinsa tun kafin ya ɗaura takalmi. Ni kuwa na nace sai na riƙe saurin Janairu a Afrilu, saboda waya tana nuna mini cewa na ja baya, ni kuma na ɗauka lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Cikin zafi jiki yana karkatar da jini zuwa fata don ya huce, sai zuciya ta ƙara bugu kafin ta kai wa tsoka abin da ta saba samu. Saurin da ya zo da sauƙi a hunturu dole ya yi nauyi a bazara, ko ga gwanaye. Wata safiya na makara, rana ta riga ta ɗaga, na ce bari dai in cika lissafi. A hanyar dawowa ta wajen Kwalkwalawa na ji tsikar jikina na tashi kamar ana sanyi, kaina na sarawa, hanya na rawa. Wani dattijo mai kai kayan lambu gari ya tsayar da babur ɗinsa ya ce, "Yaro, lahiya? Wa ka bin ka?" Ya zaunar da ni a inuwa, ya kwara mini ruwan jarkarsa a kai da wuya. Daga baya na gane abin da ya yi shi ne daidai abin da likitoci ke cewa a yi.

Ku riƙe alamomin nan: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, jin sanyi a tsakiyar zafi, da kuma mafi haɗari, mutum ya fara ruɗewa ko yana magana ba kan gado. In kun ga abokin gudunku a haka, kada ku tsaya ba shi ƙwarin gwiwa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, a nemi asibiti. Jiki yana iya sabawa da zafi, amma yana ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu ana yi kaɗan-kaɗan. Saboda haka da zarar iska ta juya a ƙarshen Fabrairu, ku rage nisa da sauri da kanku, ku fita da an sallame asuba, ku dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Ku riƙa duba fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Ranar da aka yi gumi sosai, ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita. Haɗin da iyayenmu mata ke yi wa yaro mai gudawa yana aiki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fura da nono bayan an dawo kuwa, ban ga abin kanti da ya fi ta ba.

Abin mamaki, duk takardun burin da na rubuta a shekarun farko babu wadda ta ambaci azumi, alhali daga garin nan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata ga ƙasa baki ɗaya. Na kwafo tsarin horo na mako goma sha shida daga intanet, wanda wani ya tsara a ƙasar da ba a san sahur ba, na manna shi a kan kalandata. Ramadan yana matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2021 ya kama ne a tsakiyar Afrilu, cikin tsananin zafi, a 2025 kuma farkon Maris. Kafin ku rubuta komai, ku fara duba inda zai faɗo bana, ku zagaye watan, ku ɗauke shi watan riƙe abin da aka samu. Ni na gwada gudu da safe da azumi a bakina, na wuni a kwance ba aiki ba karatun kirki, na cuci ibadar na cuci jikin. Abin da ya karɓe ni daga baya shi ne sassarfa mara nauyi dab da shan ruwa, yadda ina tsayawa ana kiran magariba, ko kuma bayan asham in abinci ya faɗa. Goman ƙarshe, da tahajjud ke cinye barci, ina ajiye takalmin gaba ɗaya. Hutun mako ɗaya ko biyu ba ya rushe aikin watanni, ɗan abin da ya ragu yana dawowa bayan Sallah.

Wayar nan kuma sai an yi hattara da ita. Manhajar auna gudu tana da amfani, amma ta mayar da ni mai gudu don idon mutane. Kowace fita sai na ƙure kaina saboda hoton da zan ɗora a WhatsApp ya yi kyau. Kuna kallon 'yan Kenya a bidiyo, to ku san abin da kuke kallo. Marigayi Kelvin Kiptum ya gama kilomita 42 a Chicago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, wato kowace kilomita ƙasa da minti uku. Garin Iten da da yawa daga cikinsu ke atisaye yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, da sanyinsa, mu kuwa muna wajen mita 300 a bakin Sahel. Sana'arsu ke nan, su ci su yi barci su yi gudu. Duk da haka mafi yawan gudunsu na mako a hankali suke yin sa bisa ma'auninsu. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za ka iya hira da na kusa da kai kana gudu ba, ka yi sauri da yawa. Rana ɗaya a mako ta isa a matsa wa kai.

Takalmi: yawancinmu na gwanjo muke saya, kuma ba abin kunya ba ne. Kuskurena shi ne ina duba kyan sama da sunan kamfani. Ku juya shi ku duba ƙasa, ku matsa soson da ke tsakiya da yatsa. In ya mutu ya yi tauri ko ya karkace gefe guda, mai shi na farko ya riga ya shanye shi. Sabon takalmin gudu ma kilomita 500 zuwa 800 ake ba shi. A sayi wanda ya ɗara ƙafa kaɗan, don ƙafa na kumbura in an yi nisa, kuma a gwada shi da yamma.

Hunturun da na ce yana da daɗi shi ma yana da nasa sharrin. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ƙurar nan cikin ƙirjinka za ta sauka, kuma mai gudu ya fi mai tafiya shaƙa nesa ba kusa ba. Mai asma ya zauna gida ranar, sauranmu ma ragewa ya fi. Da duhun asuba a bakin titi, ku sa riga mai haske, ku fuskanci motocin da ke tahowa, ku cire abin kunne. Ɗan kabu-kabu da ya fito neman na kalaci cikin hazo ba lallai ya gan ka ba. Ƙannena mata, na san naku ya fi wuya, ga idon jama'a ga maganganu. Waɗanda na ga sun ɗore su ne masu fita ƙungiya, a filin makaranta ko cikin harabar da ke da katanga, da sanin gida. Tafiya da sauri ma motsa jiki ce cikakkiya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take nema ga baligi na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 na mai ƙarfi, ba ta ce sai an yi tsere ba.

Yanzu in Janairu ya zo, takardata kashi-kashi take bisa yanayin garinmu. Hunturu na gina nisa a hankali, in akwai wata bajinta da nake so, kamar kilomita goma cikin lokaci mai kyau, a nan nake nemanta. Bazara da azumi burina kawai kada in ɓace: fita uku a mako, ko da rabin awa ce, ko da rabinta tafiya ce. Damina, in gari ya yi laushi, sai in sake ɗorawa. Wanda ya fara bana, kilomita biyar ba tsayawa kafin ƙarshen shekara buri ne mai kyau, zagaye goma sha biyu da rabi ke nan a filin tsere mai mita 400. Wanda ya riga ya mallaki biyar ya nemi goma. Legas tana nan, ba inda za ta, kuma ku sani zafinta mai laima ne, gumi ba ya bushewa kamar namu, wani sabon karatu ne.

Abu biyu nake so su shiga takardar kowa kafin lissafin kilomita. A auna hawan jini, musamman wanda ya haura talatin da biyar ko akwai shi a gidansu, kuma kowa ya san nau'in jininsa na gwajin sikila, domin mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta gefe ɗaya, ko da lafiya lau yake rayuwa, ya fi shiga haɗari in ya ƙure kansa cikin zafi babu ruwa. Sannan damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce. Na taɓa komawa gudu washegarin da na gama shan magani saboda kada lissafin wata ya lalace, na ƙare da wata kwanciyar da ta fi ta farko tsawo. Zazzaɓin yana fasa ƙwayoyin jini, jinin kuma shi ke kai iska ga tsoka. Bayan an warke a ba jiki mako guda ko fiye, a fara da tafiya, in an ji ƙafa ta daina rawa sannan a koma sassarfa.