Ranar da tsafta ta kashe mini jatan lande

A makaranta tarwaɗa da karfasa muka sani. Shekara uku ana koya mana yadda ake haƙa kududdufi, yadda ake auna abinci, yadda ake yi wa uwar tarwaɗa allura don ta saki ƙwai. Shi ya sa da lokacin sanin makamar aiki ya zo, na tsinci kaina a wani shagon kifin ado a Abuja, sai da raina ya ɗan sosu. Kifin da ba a ci, me zan koya a kansa?

A kusurwar shagon akwai wani ɗan tankin gilashi mai cin lita 30, kuma babu kifi ko ɗaya a ciki. Jatan lande ne jajaye, babbansu bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, wajen guda arba'in. Masana na kiransu Neocaridina davidi. Na daji launin ƙasa-ƙasa gare su, masu kiwo a Taiwan ne suka yi ta zaɓen masu ja suna haɗa su har aka samu wannan launi. Tankin kuwa, a idona, ƙazanta ce zalla. Gansakuka ta rufe gilashin baya, itacen da ke ciki ya yi yauƙi, soson da ke tace ruwa ya koma kalar kunun kanwa.

A mako na uku maigidan shagon zai yi tafiya, sai ya nuna mini tankin da buhun wata baƙar ƙasa ta musamman da ake shigowa da ita don shuke-shuken cikin ruwa. Ya ce, "Ɗan makaranta, in ka samu sarari ka sake wa wannan tsari, amma ka bi a hankali." Na ce, "An gama, Alhaji." Rabin farko na maganar kawai kunnena ya ɗauka.

Washegari na zage damtse. Na kwashe jatan landen na zuba a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na kankare gilashi, na goge itacen da buroshi. Soson nan na kai shi bakin famfo na yi ta matsa har ya dawo fari. Na shimfiɗa sabuwar ƙasa, na jera duwatsu, na cika da sabon ruwa, kafin la'asar na mayar da masu gida ɗakinsu. Ya yi kyau, wallahi. Har hoto na ɗauka na tura wa 'yan ajinmu.

Kwana biyu na tarar da uku a kwance. Rana ta huɗu na daina ƙirgawa. Da na ɗauko kwalbar gwaji na ɗiga maganin a cikin ruwan, sai ya juye kore, alamar amoniya ta yi yawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan karatun, har jarrabawa na ci da shi. Kashin dabba da ragowar abinci suna zama amoniya. Wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda shuke-shuke ke sha, canjin ruwa ya rage sauran. Na iya zana wannan a allo ido rufe. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, a ina bakteriyar nan take zaune? A jikin soso take, da jikin tsakuwa, da jikin itace. Ruwan famfo kuma da kulorin yake zuwa, wanda aikinsa ke nan kashe bakteriya. Ga shi sabuwar baƙar ƙasar nan ita kanta amoniya take fitarwa na makonni a farko. Na kori masu kwashe guba, na kawo buhun guba, sannan na kankare yauƙin da jatan lande ke kiwo a kansa dare da rana. Garin neman gira na rasa ido.

Da Alhaji ya dawo, goma sha ɗaya suka rage, su ma don na mayar da su bokiti da ruwan wani tsohon tanki. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki soson ya jujjuya shi, ya ce, "Kai, ka iya wanki." Sai ya tsoma hannu a tankin kifi na kusa, ya ciro tsohon sosonsa ya matse a cikin nawa. Ruwan da na yi wahalar tsarkakewa ya turnuƙe. Ya ce, "Yanzu ka fara aiki. Kada ka sa komai mai rai a ciki sai na ce."

Mako biyar muka yi muna jira. Kullum da safe in gwada ruwa in rubuta a littafi. Amoniya ta sauka, naitirait ya hau, shi ma ya sauka. Gilashin baya ya sake yin kore, hannuna na ƙaiƙayi, amma na bar shi. A cikin jiran nan ne na koyi sauran aikin. Shukar anubiyas ba a binne kaurin jijiyarta a ƙasa, ruɓewa take yi, sai dai a ɗaure ta da zare a jikin itace. Gansakukar Java kuma ita ce maɓoyar 'ya'yan jatan lande. In da ni ke da tankin ma, da yashi kawai zan sa. Irin wannan jatan landen ba ya buƙatar baƙar ƙasar nan mai tsada, 'yan uwansu na jinsin Caridina masu son ruwa mai taushi ne ke amfana da ita.

Alhaji masoyin aikin Takashi Amano ne, Bajapanen nan na Niigata da ya mayar da shirya tanki tamkar zanen daji, ya rasu a 2015. Akwai ma wani jatan lande mai cin gansakuka da ake kira da sunansa. Muna sayar da shi, amma ba ya hayayyafa a tankinmu, don 'ya'yansa sai sun bi ta ruwan gishiri kafin su girma. Jajayen namu kuwa uwa ce ke rungume da ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na mako uku zuwa huɗu, su ƙyanƙyashe da kamannin iyayensu, ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Da na ji wannan sai na tuna laka da na sheƙa a kwata ranar farko ba tare da na duba ba. Allah kaɗai ya san nawa suka tafi a ciki.

Ranar mayar da su, ba a juye bokiti. Siririn tiyon iska muka ɗauka, muka ƙulla shi a tsakiya yadda ruwan tanki zai riƙa ɗiga cikin bokitin ɗigo-ɗigo. Awa biyu ina zaune ina kallo. Jatan lande na iya jure ruwan da bai cika kyau ba in ya saba da shi, canjin farat ɗaya ne ke kashe shi, musamman lokacin saɓa. Saɓar ma ta taɓa tsorata ni. Na ga farin ɓawo a kan dutse na ce shi ke nan, wani ya sake tafiya. Ashe riga ce aka tuɓe, kuma ba a cirewa, su suke cinye abinsu.

Wasu dokokin shagon sai a lokacin na gane dalilinsu. Ba a fesa maganin sauro a ciki ko da an tashi, saboda abin da ke kashe ƙwaro yana kashe jatan lande. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe ba ya zuwa kusa da tankin, duk da cewa jinin jatan landen da ɗan jan ƙarfen yake ɗaukar iska. A watan Maris kuma, da zafi ya taso, ruwan da ya kamata ya tsaya wajen digiri 22 zuwa 26 sai ya nemi 30. Ƙaramar fanka muke kunna masa a sama. Tana sanyaya shi, amma tana ƙafar da shi, kuma ruwa ne kawai ke tashi, gishirin ma'adinai yana nan yana taruwa. Don haka ciko sai da tataccen ruwan da aka cire wa gishirin ma'adinai, ba na rijiyar burtsatse ba.

A makona na ƙarshe na hango wata mace a ƙarƙashin ganyen anubiyas tana kaɗa ƙafafun ciki, ƙwai rawaya cunkus a jikinta. Na kira Alhaji ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce iskar filta, wato matatar ruwan, ta ragu, soson na son wanki. Na ɗebi ruwan tankin a kwano, na matsa shi sau uku a ciki, na mayar da shi da sauran dauɗarsa.